Kankare Mai Malala: A Auna Shi A Gaban Jama'a

Mutumin Kinkinau ba ya bukatar wani ya zo ya ba shi labarin hanya, gama a ƙofar gidansa ta ke. Hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda kowa ya fi sani da Baifas, ita ce ta taso daga mararrabar Command a kudancin Kaduna, ta ƙetare kogi, ta bi ta Unguwar Mu'azu da Kinkinau, ta miƙe har Kawo. Tirelolin da suka ɗauko kaya daga Kudu za su Zariya ko Kano ko Katsina, da tankokin mai, da tifofin yashi, ta nan su ke bi don su kauce wa tsakiyar gari. 'Yan makaranta ta kanta su ke ƙetarewa safe da yamma, ruwan damina kuma ta ƙarƙashinta ya ke neman hanyarsa zuwa kogi. Saboda haka in ana maganar irin kankaren da za a zuba a hanya da gada, ba maganar injiniyoyi kaɗai ba ce, ta shafi mai shayi da mai faci da tsohuwar da ke riƙe da hannun jikanta a bakin titi.

A watan Yuli na 2021 Majalisar Ministocin Tarayya ta yarda a sake gina hanyoyi 5 da kankare a kan kuɗi Naira biliyan 309.9, aka ba kamfanin Dangote. Baifas ta Kaduna tana cikinsu, tsawonta kilomita 21 da rabi, watau mil 13 da 'yan kai, rabonta kuwa Naira biliyan 37.56. An yi wannan bisa umurni mai lamba 007 wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, wanda ya ce kamfani yana iya gina hanya da kuɗinsa, sa'an nan a cire abin da ya kashe daga harajin da ya kamata ya biya. To, a nan mu ke so mai karatu ya lura. Kuɗin da bai shiga baitulmali ba don an yafe shi a madadin hanya, kuɗin jama'a ne, daidai da wanda ya shiga ya fito. Ba kyauta aka yi wa Kinkinau ba. Wanda ya biya kuwa yana da ikon ya tambayi abin da aka saya masa.

Da David Umahi ya zama Ministan Ayyuka a 2023, sai maganar kankare ta ƙara ƙarfi, har ta zama kamar ita ce maganin kowace cuta ta hanyoyin Nijeriya. Mu ba mu ƙi kankare ba. Hanyar da manyan motoci ke niƙa dare da rana lalle ta fi ƙarfin kwalta mai araha. Amma kankare ba laya ba ne. Yana da wani hali da kwalta ba ta da shi, shi ne ɓoye aibinsa. Kwalta in an yi mata ha'inci, damina ɗaya ko biyu ta isa ta tona asiri, rami ya buɗe kowa ya gani. Ginshiƙin gada kuwa yana iya tsayawa fes shekara 10 ko 20 alhali cikinsa kogo ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Kafin a zuba ginshiƙi ko bangon kwalbati, sai a ɗaure rodi kamar keji, a kewaye shi da katako, kāna a zuba kankare daga sama. Kankaren da muka saba da shi mai kauri ne, ba ya shiga tsakanin rodi da kansa, kuma iska tana maƙalewa a cikinsa. Don haka a ke cusa masa injin girgiza, wani dogon ƙarfe mai rawa, a riƙe shi daƙiƙa 5 zuwa 15 a wuri ɗaya, a zare a hankali, a matsa kamar taki guda a sake cusawa, haka har a gama, kuma kowane zubi kada kaurinsa ya wuce rabin mita kafin a girgiza shi. Wannan aiki duka yana hannun lebura ɗaya ko biyu, waɗanda su ke tsaye bisa tsani cikin rana tun safe, ba sa ganin ƙasan akwatin da su ke girgizawa, wataƙila kuma man janareta ya ƙare ana tsakiyar zubi. Duk wurin da ƙarfen nan bai kai ba sai a bar rami. In an cire katako sai ka ga tsakuwa tsirara da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Injiniyoyi sun daɗe da auna cewa in iska ta ci kashi 5 cikin 100 na jikin kankare, ƙarfinsa yana iya raguwa da kusan kashi 30 cikin 100.

Mun taɓa tsayawa a bakin wani aikin kwalbati a wani gari, ba za mu faɗi ko na wane ne ba, muka ga an cire katako da sassafe, ga saƙar zuma nan har ana hango rodi. Kafin hantsi heluma ya sa birkila ya kwaɓa siminti da yashi ya shafe wurin sumul. Da mai duba aiki ya iso da azahar, sai ya tarar da bango kamar an goge shi da man shanu, ya sa hannu a takarda ya koma motarsa. Assha! Wannan yaɓe ba ya hana ruwa shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya neman kafa. In ya kai ga rodi sai tsatsa ta kama, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki biyu ko fiye, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya fashe. Wanda ya ke ganin wannan tatsuniya ce ya tuna da gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya, wadda ta rufta ran 14 ga Agusta 2018 ta kashe mutum 43, bayan tsatsa ta daɗe tana cin ƙarfen da ke lulluɓe cikin kankarenta. Italiya ke nan, inda ba a rasa injiniyoyi ba.

Japanawa sun gamu da wannan matsala tun farkon shekarun 1980. Ƙasarsu ta girgizar ƙasa ce, saboda haka su kan cika gininsu da rodi har da ƙyar hannu ke shiga tsakani, ga shi kuma ƙwararrun ma'aikata suna ta raguwa. Ba su tsaya zagin lebura ba. A 1986 wani shaihun malami na Jami'ar Tokyo, Hajime Okamura, ya ce a nemo kankaren da ingancinsa bai dogara ga hannun mai girgiza ba, a 1988 kuwa shi da almajiransa suka fito da na farko. Sunan da aka ba shi ma'anarsa kankare mai danne kansa da kansa. Mu za mu kira shi kankare mai malala, domin abin da ido ke gani ke nan: a zuba shi a kusurwa ɗaya, ya malala da nauyin kansa, ya bi tsakanin rodi, ya cika kowane lungu, ya kori iska, ba tare da an cusa masa kome ba.

Babbar shaidarsa ita ce gadar Akashi Kaikyo, wadda ta haɗa birnin Kobe da tsibirin Awaji, aka buɗe ta a 1998. Tsakanin manyan ginshiƙanta biyu mita 1,991 ne, ba ta da na biyu a duniya sai a 2022 da Turkiyya ta buɗe wadda ta fi ta. Tubalan nan biyu da aka ɗaure igiyoyin gadar a jikinsu sun ci kankare mai malala kubik mita 290,000, aikin da aka yi zaton zai ci shekara 2 da rabi kuma aka gama shi cikin shekara 2. A shekarar nan ta 1998 Suwidin ta fara zuba gadoji da shi, a 2005 kuma ƙungiyoyin masu sana'ar kankare na Turai suka buga ƙa'idodin aiki da shi. Ashe ba sabon abu ba ne. Ya girmi yawancin leburorin da ke ɗaukar kwanon sarki a Kaduna.

Ba sihiri a cikinsa. Siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa, sai dai an sake rabo. Ana rage tsakuwa, a zaɓi ƙanana waɗanda yawanci ba su wuce milimita 20 ba. Ana ƙara gari mai laushi, ko siminti ko niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ko toka, har ya kai kilo 380 zuwa 600 a kowane kubik mita, don ya zama kamar kunu mai kauri wanda zai ɗauki tsakuwa ya tafi da ita. Sa'an nan a ɗiga wani sinadari mai sa ƙwayoyin siminti su rabu da juna su yi santsi. Wannan sinadari shi ke kawo malala, ba ruwa ba. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

To, ra'ayinmu shi ne Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ta Jihar Kaduna su rubuta wannan kankare cikin takardun kwangila a duk inda rodi ya yi yawa kuma ido ba ya kai wa: ginshiƙan gada, da dogayen gungumen da ke ɗaukar bene, da harsashin da a ke haƙa cikin gaɓar kogi, da kwalbatocin da a ke zubawa a masana'anta a kawo a jera, da gyaran tsofaffin ginshiƙai inda a ke ƙara musu riga siririya. Gadar sama ta Kawo da aka buɗe a Janairun 2022 ba ita ce ta ƙarshe da za a gina a Kaduna ba, mutanen bakin Baifas kuma suna da hakkin a ƙara musu gadojin ƙafa da magudanan ruwa. Amma kada wani mai jawabi ya zo ya ce za a shimfiɗa titi da shi. Fuskar titi a karkace ta ke don ruwan sama ya gangara gefe, injin shimfiɗa kuma yana bukatar kankare mai kauri wanda zai tsaya da gefensa da zarar injin ya wuce. Abin da ke malala ba ya tsayawa a gangare. Kowane da wurinsa.

Yanzu ga inda tsoronmu ya ke, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Sinadarin nan yana da tsada, tushensa kuma daga ƙasashen waje a ke sayo shi. Ruwa kuwa kyauta ne. Ɗan kwangilar da ba ya tsoron Allah, in ya ji an ce ana son kankare mai malala, me zai hana shi ya rage sinadari ya sa tiyo cikin motar kwaɓi? Ga idon wanda bai sani ba duka biyu suna malala. Amma wanda aka tsinka da ruwa kamar kunun da ya kwana ne, tsakuwa ta nutse ƙasa, ruwan siminti ya taso sama, ginshiƙi ya fito ƙasansa tsakuwa zalla samansa ɓawo. Ko da gaskiya a ke aiki, kuskuren lita 5 zuwa 10 na ruwa a kubik mita ɗaya ya isa ya ɓata kwaɓin, yashin kogi kuwa da ya sha ruwan sama jiya ba daidai ya ke da na rani ba, tilas a auna damshinsa kowace rana. In ba a yi hattara ba sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago: an tsere wa leburan da bai girgiza ba, an faɗa hannun mai tiyo.

Akwai kuma maganar katako. Kankare mai kauri yana ɗan tallafar kansa, wannan kuwa yana tura bango kamar ruwa, ruwan da ya fi na rijiya nauyi kusan ninki biyu da rabi, gama kubik mita ɗaya kilo 2,400 ne. In an cika akwati mai tsawon mita 3 a zubi ɗaya, kowane murabba'in mita na gindinsa yana ɗauke da abin da ya fi tan 7. Katakon da aka buga da ƙusa huɗu aka tokare da gora ba zai jure ba, zai fashe a kan wanda ke tsaye a ƙasa, kuma ba mai kwangila ne ke tsaye a ƙasa ba. Ga zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna da ke sa kwaɓi ya daskare cikin mota in ta maƙale a cunkoso, ga hunturu da ke busar da fuskarsa ta tsattsage in ba a rufe ta an jiƙa ta aƙalla kwana 7 ba. Muna kuma gargaɗin masu gina gidajensu a Kinkinau da Tudun Wada: wannan ba abin da a ke kwaɓawa da shebur a ƙasa ba ne, sai wurin da ke da ma'auni. In birkila ya ce zai yi maka irinsa da bokitin ruwa, sallame shi.

Abin da ya sa duk da haka mu ke goyon bayansa shi ne, ha'incinsa yana kamuwa a fili, kafin a zuba, ba bayan shekara 20 ba. Awon ba ya cin minti 5. Ana samun faranti shimfiɗaɗɗe mai faɗin santimita 90, da wani mazurari na ƙarfe mai tsawon santimita 30. A cika mazurarin da kankare daga bakin mota, a ɗaga shi sama, kankaren ya bazu kamar waina a tanda. Sai a sa tef a auna faɗinsa ta fuska biyu. Ƙa'idar Turai ta ce ya kasance tsakanin santimita 55 da 85, ga ginshiƙi da bango kuwa yawanci 66 zuwa 75 a ke nema. Sa'an nan a duba da ido. In tsakuwa ta tafi tare da kunun har baki, ya yi. In ta taru tsibi a tsakiya, ruwa ya kewaye gefe kamar zobe, an tsinka shi, motar ta koma inda ta fito. Akwai kuma wani zobe mai haƙoran rodi da a ke sa wa a kewaye mazurarin don a ga ko kwaɓin zai wuce tsakanin ƙarfe ba tare da ya toshe ba. Bayan wannan a ɗebi samfuri cikin 'yan akwatuna masu santimita 15, a murƙushe su a inji ran kwana 7 da ran kwana 28 a ga ƙarfinsu.

Jama'a, wane ne cikinmu bai iya karanta tef ba? Tela ya iya, kafinta ya iya, mai sayar da yadi a Kasuwar Barci ya iya. Ba wanda zai iya leƙa cikin akwati ya ga ko an girgiza gindin ginshiƙi, amma kowa yana iya ganin waina a kan faranti. Gani ya kori ji. Wannan awo ya ba talaka abin da zai duba da idonsa, kuma muna zaton saboda haka ne waɗansu ba za su so a yi awon a bakin titi ba.

Don haka mu ke neman a rubuta cikin kwangila cewa kowace mota za a auna ta a wurin zubi, ba a ofis ba, a rubuta lambarta da sa'ar da ta iso da faɗin da aka samu a kan allo a bakin aiki, inda mai wucewa zai gani, kamar yadda a ke kafa allo mai ɗauke da sunan Minista da na Gwamna. In akwai wurin sunayensu, akwai wurin lamba biyu. Mai awon kuma kada ya zama yaron ɗan kwangila. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana nan Tudun Wada, tafiyar 'yan mintoci daga Kinkinau, tun 1956 ta ke koyar da sana'a, kowace shekara kuma ɗalibanta na sashen gine-gine suna yawon neman wurin koyon aiki. A ɗauke su, a biya su daga asusun da ba na ɗan kwangila ba, injiniya mai rajista da COREN ya sa hannu a bayansu da sunansa da lambarsa, don ranar da abu ya faru a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Za a ce mana yana da tsada. Gaskiya ne, kubik mita ɗaya ya fi na kullum kuɗi, ba mu ɓoye ba. Amma a sa kuɗin injin girgiza da mansa a ma'auni, da kwanakin da a ke ragewa, waɗanda su ne kwanakin da mai shago a bakin hanya ke zaune ba ciniki saboda an toshe ƙofarsa, da kuɗin fasa kwalbati a sake shi bayan 'yan shekaru. Araha ba ta ado. Garin da a ke ƙarawa kuma ba sai an sayo shi daga Turai ba. Dutsen farar ƙasa yana nan Obajana da Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato, ƙurar dutse tana jibge a wuraren fasa dutse, buntun shinkafa kuwa tsibi-tsibi a ke ƙone shi a banza a bayan injinan casa, alhali tokarsa in an ƙona ta bisa ƙa'ida tana ƙara wa kankare ƙarfi. Hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, tun 1978 aka kafa ta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana da sashen injiniyan gine-gine. Aikinsu ne su fitar da rabon da ya dace da yashin Kogin Kaduna da tsakuwarmu da zafinmu, su buga shi kowa ya samu, don kada ilmin ya zama sirrin manyan kamfanoni biyu ko uku, ƙananan 'yan kwangilarmu su koma 'yan kallo.

Za a kuma ce muna so mu raba lebura da abincinsa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe injin girgiza yini guda ba. Masu riƙe shi shekara da shekaru yatsunsu kan mutu, kunnuwansu su yi nauyi, ba kuwa fansho. Aikin da ya ragu a nan ya ƙaru a wurin kafinta mai haɗa akwati mai ƙarfi, da mai auna yashi, da mai jiƙa kankare, duka kuwa sana'o'i ne da a ke koya a hau gaba da su.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa na Kinkinau da Unguwar Mu'azu, ranar da aka zo kafa wata gada ko kwalbati a unguwarku, ku je da ladabi ku tambayi injiniyan wurin wane irin kankare takarda ta ce a zuba, ku roƙi a yi awon a gabanku. Wakilanku na Majalisar Jiha da ta Tarayya kuma ku tambaye su ko sun taɓa ganin takardar awon kwana 28 ta wani aiki a mazaɓarsu. Duk takardar awo da aka aiko mana, mai kyau ko maras kyau, za mu buga ta a wannan shafi da ranarta da lambar motar.